Mama ta daina barci, Fasto kuma yana ta wa'azin ginin majami'a

Maman Godiya:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na rasa wanda zan faɗa wa sai ku. Wata 5 ke nan da masu garkuwa da mutane suka sako ƙanena. Kwana 41 ya yi a daji. Mun sayar da gonar Baba da shanun huɗa biyu, dangi suka yi karo-karo, ekklesiya ma ta yi baiko na musamman, ba zan ɓoye alherinsu ba. Ranar Lahadin da ya dawo an yi sujadar godiya, Zumuntar Mata suka yi waƙa, aka yi rawa har ƙura ta tashi. Daga ranar shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Amma gidanmu bai koma daidai ba. Ƙanena in babur ya wuce da dare sai ya zabura ya maƙale a bayan ƙofa, saurayi mai shekara 27. Mama ba ta barci, tana zaune a tsakar gida har zakara ya yi cara. Yanzu wata maƙwabciya ta kai ta wurin wani da ake ce wa annabi, mai sayar da ruwa da man shafawa. Ya ce mata da hannun wani a cikin dangi, sai ta kawo kuɗi a karya abin. Sau uku ke nan tana kaiwa. Ta ma daina gaisawa da facalarta, matar ƙanen Baba, wadda ta sayar da akuyoyinta don kuɗin fansa.

Fastonmu kuwa Lahadi huɗu a jere wa'azin ginin sabuwar majami'a yake yi. Don Allah ku gaya mini, mene ne aikin shugaban ruhaniya a irin wannan lokaci? Ko ni ce nake neman abin da ya fi ƙarfinsa?

Saratu:
Wayyo 'yar'uwa, sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Karantawa nake yi hawaye na zuba.

Ɗan Birni:
Sannu Mama. Amma ni gaskiya na daina sa rai ga fastoci tuntuni. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu ma yana cikin wayar kowa. Labulen Haikali ya tsage, babu wani matsakanci sai Yesu. Ku buɗe Filibiyawa 4 ku karanta wa Mama, ku yi addu'a a gida. Duk wannan dogaro ga mutum shi ya kai ta hannun mai sayar da ruwa.

Malam Ishaku:
Ɗan Birni, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma zai iya kashe mutum. Lalle matsakanci ɗaya ne. Amma ka tuna baban nan na Habasha a Ayyukan Manzanni 8, ga littafin Ishaya a hannunsa, yana karantawa da ƙarfi, mutum mai ilimi mai riƙe da baitulmalin sarauniya. Da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, cewa ya yi ta yaya zai fahimta in ba wani ya bi da shi ba. Wannan fa lafiyarsa ƙalau, yana zaune a karusarsa. To ina ga tsohuwar da ta yi wata biyar ba barci? Ka miƙa mata ayar da ta ce kada ku damu da komai, alhali damuwar ta riga ta cinye ta, abin da za ta ji shi ne ita mai zunubi ce tunda ta kasa dainawa. Ka ƙara mata kaya ke nan.

Kuma ka lura da abin da ya kai ta wurin mutumin nan. Ya zauna ya saurare ta, ya kira sunanta, ya ba ta amsa. Amsar ƙarya ce, amma amsa ce. Wanda ya faɗa rijiya ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ɗan Birni:
To ai ga shi nan Malam, ka faɗa da bakinka. Ina faston yake da har wani ya riga shi miƙa hannu?

Ɗan Fasto:
Bari in gaya maka inda yake, don ni a gidan fasto na tashi. Babana ya yi shekara fiye da 30 yana aiki a ƙauyuka. A shekara biyun ƙarshe kafin ya yi ritaya, shi ne mai ɗaukar waya in an sace mutum, shi ne mai zuwa gane gawa, shi ne mai binnewa. Akwai makon da ya binne mutum shida. Albashinsa in an biya ba ya sayen buhun masara biyu, sau da yawa ma sai a ce a jira baikon wata mai zuwa. Su kansu fastocin ai su ake fara nema, don ɓarayin sun san ekklesiya za ta tara kuɗi. Mamana ita kaɗai ta san ba ya barci. Ranar Lahadi ya sa kwat ya hau bagade ya yi murmushi.

Ban ce faston Maman Godiya ya kyauta ba. Amma ina zargin wa'azin ginin nan wurin ɓuya ne. Maganar bulo da kwano tana da sauƙi, ka san farkonta ka san ƙarshenta. Maganar mutumin da ya dawo daga daji ba shi da lafiya, ba a koya masa a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Kuma majalisa da dattawa su ne masu matsa masa lamba kan ginin, don ita ake gani in manya sun zo ziyara.

Maman Godiya:
Ɗan Fasto, na ji ka kuma na tausaya. Ban zo don in ci mutuncinsa ba, shi ya ɗaura mini aure. Amma tazarar gidansa da namu ba ta kai tafiyar minti goma ba.

Saratu:
Zumunta a ƙafa take.

Ɗan Michika:
Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Ku da kuke Kaduna da Filato kun san labarinmu a rediyo, mu kuwa jiki magayi. A Afrilun 2014 Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan ekklesiyarmu ne. A Satumba aka shiga Michika. Ranar 29 ga Oktoba aka kama Mubi da hedkwatarmu da ke Kwarhi, har sai da shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Ekklesiyar da aka fara a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 ta wayi gari 'ya'yanta sun watse, wasu a kan duwatsu, wasu a Yola, wasu a sansanin Minawao a Kamaru.

Abin da nake so in faɗa shi ne abin da na gani da idona a Yola. Muna kwana a filin wani gida mu fiye da ɗari. Akwai wani mai bishara a cikinmu, ba rabaran ba ne, ba shi da wata babbar takarda, shi ma da silifa ɗaya ya gudo. Kowace safiya ƙarfe biyar zai tashe mu addu'a. Ba ya dogon wa'azi. Zabura ɗaya, sannan ya kira sunayen waɗanda ba a gani ba ɗaya bayan ɗaya, mu ce amin. Bayan haka ya raba aiki: ku ku je neman ruwa, ku ku je layin abinci, ke ki tara yara ki koya musu karatu. Bai taɓa ce mana gobe za mu koma gida ba. Wata rana wata mata ta kama rigarsa ta ce ya gaya mata ko mijinta yana da rai. Ya ce, Mama ban sani ba, amma zan zauna tare da ke. Ya zauna a ƙasa kusa da ita har rana ta faɗi.

Ni a wurina shugabancin ruhaniya ke nan. Da babu mutumin nan da wasunmu sun haukace. Ba wani abu ya ba mu ba, don ba shi da shi. Ya sa ranakunmu sun sami kai da gindi, kuma bai yi mana ƙarya ba.

Daga baya ekklesiya ta shirya bitoci na warkar da raunin zuciya, aka horar da mutane suka zaga. Nan na fara jin cewa mafarkin da nake yi da zaburar da nake yi suna da suna, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Malam Ishaku:
Ɗan Michika, Allah ya sāka maka. Maganar ƙin yin ƙarya ita ce ƙashin bayan zancen nan. Ku duba Irmiya 28 da 29. Jama'a suna bauta a Babila, hankali a tashe. Hananiya ya tashi ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo. Kowa ya so maganarsa. Irmiya kuwa ya aika musu wasiƙa ya ce shekara 70 ce, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure, ku nemi zaman lafiyar garin da kuke ciki. Wa zai tafa wa wannan? Amma shi ne mai gaskiya. A yau muna da Hananiya iri biyu. Akwai mai cewa lafiya lau, wannan shekarar taka ce, shuka iri ka girbe. Akwai kuma mai sayar da tsoro, shi kullum akwai maƙiyi a dangi. Dukansu biyu aljihunka suke kallo. Ezekiyel 34 ya riga ya zana hotonsu: makiyayan da ke kiwon kansu, ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemo wadda ta ɓata ba.

Nas Rifkatu:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren aikina, shekarata 16 ina jinya. Maman Godiya, abin da kika faɗa game da ƙanenki, zabura da jin ƙara, ɓuya, wataƙila da munanan mafarkai da saurin fushi, ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga tashin hankali. Ba aljani ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne. Ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Mutanenmu suna jin sunan sai su ce ai ba mahaukaci ba ne. To ba sai mutum ya tuɓe riga a kasuwa ba.

Ku sa ido kada ya fara neman sauƙi a ƙwaya ko burkutu, nan ne samari da yawa suke faɗawa. Ita kuma Mama a auna hawan jininta, kuma kada a je kemis a sayo mata maganin barci haka kawai.

Abin da ya haɗa wannan da tambayarki: a ƙauyukanmu ko likita ya yi magana, sai an ji ta bakin fasto. In fasto ya ce je ka asibiti, ni ma zan raka ka, za a je. In ya ce azumin kwana bakwai ne maganin, shi ke nan an rufe ƙofa. Na ga waɗanda aka kawo mana a makare saboda haka. Shugaban kirki ya san iyakar saninsa.

Saratu:
Ai ko Iliya da ya gudu daga Yezebel ya ce gara ya mutu, mala'ika bai yi masa faɗa ba. Abinci ya ba shi ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashinsa ya ci. Sai daga baya aka yi magana.

Matashi Mai Kishi:
Ku yi haƙuri iyayena, amma duk wannan lallashi ne. Ana kashe mu kuna maganar zama a ƙasa da Zabura. A Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai fiye da 120 a makarantar Bethel Baptist a Kaduna. Jajibirin Kirsimetin 2023 kowa ya san kisan da aka yi a Bokkos da Barkin Ladi. Leah Sharibu, ɗalibar Dapchi, tun Fabrairun 2018 Boko Haram suka tafi da ita. Shugaban da nake nema shi ne wanda zai tsaya gaban gwamna ya faɗi gaskiya ba tare da ya karɓi ambulan ba, ya kuma ce wa matasa su tashi su tsare garinsu. Nehemiya addu'a ya yi ya kuma sa masu gadi. Damuwarmu ba daga sama ta faɗo ba, akwai masu jawo ta.

Baba Dattijo:
Ɗana, ban ga laifin zafin zuciyarka ba, ni ma na yi irinsa. Kan maganar ambulan kuwa ina bayanka ɗari bisa ɗari, bakin da ya ci ba ya iya tsawa. Gadi ma ba wanda ya hana, garinmu muna da 'yan sintiri da sanin hukuma. Amma ka karanta Nehemiya da kyau, masu gadi ya sa a kan garu, bai aika kowa ƙona ƙauyen maƙwabta ba. Tsakanin tsaro da ramuwa taku ɗaya ne, kuma saurayin da ya binne uwarsa jiya ba ya ganin layin. Aikin shugaba ne ya gan shi a madadinsa.

Ina Kaduna a 2000, na ga abin da wa'azin zafi yake haifarwa a kowane ɓangare. Ka nemi labarin Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992 yana jagorantar matasa irinka, daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu. Ka kuma tuna a Yunin 2018 wani limami ne, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a yankin Barkin Ladi. Masu satar mutanen nan a Zamfara da Katsina Musulmi 'yan'uwansu suke kwasa kullum. Shugaban da ya gaya maka kowane maƙwabcinka maƙiyi ne bai rage maka tsoro ba, ya ninka shi.

Matashi Mai Kishi:
Baba na ji, amma ban gamsu duka ba. Haƙurin nan kullum mu ake ba.

Ɗan Michika:
Ƙanena, Rabaran Lawan Andimi na garinmu ne. Boko Haram suka kama shi a farkon Janairun 2020, suka kashe shi kafin watan ya ƙare. Ka kalli bidiyon da suka sa shi ya yi. Bai zagi kowa ba, bai yi kuka ba, ya nuna cewa ransa a hannun Allah yake, ya roƙi a kula da iyalinsa. Kada ka ce wannan lallashi ne. Ni ban san jarumtar da ta fi ta ba. Amma na yarda da kai a abu ɗaya, shirun wasu manya ba haƙuri ba ne, ciki ne.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa a yi hattara, kada zancen ya koma siyasa ko ambaton ƙabila. Na goge saƙonni biyu. Mu koma kan tambayar Maman Godiya.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan 'yan kaɗan ne, kun sani. A Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma aka rufe iyaka, kaya suka yi tsada, ga 'yan bindiga ta wajen Madarumfa. Abin da ƙanƙantarmu ta koya mana shi ne fasto ɗaya ba zai iya ba, wani wurin ma babu faston sam. Dole kowane dattijo, kowace uwar zumunta ta zama makiyayi ga gida biyar ko goma. Ai shawarar da Yetro ya ba Musa ke nan a Fitowa 18, da ya ga yana zaune tun safe har yamma shi kaɗai. Ya ce za ka gaji, jama'ar ma za su gaji, ka naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. Ku a Najeriya majami'unku sun cika, kuna da Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, Sabon Rai, mawaƙa, matasa. Ina suke duka wata biyar? Me ya sa fasto kaɗai ake tambaya?

Maman Yara:
Ɗan Maraɗi ka taɓo mu, kuma ka yi daidai. Ni shugabar Zumuntar Mata ce a wurinmu, kunya ta kama ni. Mun iya anko, mun iya taron shekara, mun iya dafa abincin biki da na makoki. Amma bayan kwana uku ko bakwai sai mu ɗauke ƙafa, alhali a lokacin ne gida yake yin shiru, ciwon ya fara. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna ba su ce uffan ba, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi, da suka buɗe baki suka ɓata. Mu mun iya buɗe bakin, zaman ne ba mu iya ba.

Maman Godiya, tambaya ɗaya 'yata. Kin je kin gaya wa faston abin da kika gaya mana?

Maman Godiya:
Gaskiya Mama ban je ba. Na ɗauka ya kamata ya sani.

Ɗan Fasto:
Wannan kalmar ta ya kamata ya sani, na ji ta sau dubu a gidanmu. Ya gan ku kuna rawa ranar godiya, in ya tambayi Mama za ta ce lafiya lau, mun gode Allah. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki je. In kin je ya share ki, to sai mu ce da laifinsa, ni ma zan faɗa.

Ɗan Birni:
In ya share ta fa? Don akwai masu sharewa, kada mu yaudari kanmu.

Baba Dattijo:
Akwai. Sai ta je wurin dattawa, abin da aka zaɓe mu dominsa ke nan, ba ƙirga baiko kaɗai ba. 'Yata, kada ki tafi ke kaɗai, ki ɗauki wata babbar mace da yake jin nauyinta. Kada ki fara da maganar gini, zai ɗauka faɗa kika zo. Ki ce Baba, tumakinka biyu ba su da lafiya. Batun mai ruwan nan kuma, kada ku yi wa Mama tsawa ko ku fasa kwalbarta, za ta ƙara manne masa ne. In ta sami mai sauraronta a gida, ƙafarta za ta rage zuwa can da kanta.

Maman Godiya:
Na dawo 'yan'uwa, ku gafarce ni kwana tara shiru. Na je tare da gwaggona. Da na gama magana Fasto ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce bai sani ba, ya kuma ce ko da bai sani ba ya kamata ya leƙo. Ashe shi ma an aiko masa da saƙon barazana sau biyu, iyalinsa ba sa kwana a gidan fasto tun watan jiya, babu wanda ya gaya wa sai dattawa biyu. Na ji kunyar wasu abubuwan da na raya a zuciyata.

Ya zo ranar Alhamis da matarsa da mata biyu na zumunta. Bai yi wa'azi ba. Mama ta yi magana kusan awa biyu, har abin da ni ban taɓa ji ba ta faɗa. Ƙanena ya ƙi fitowa daga ɗaki, sai Fasto ya shiga ya same shi. Ban san me suka tattauna ba, amma ya yarda zai je asibiti in Fasto zai raka shi.

Kwalbar tana nan ƙarƙashin matashin Mama, kuma har yanzu ba ta gaisa da facalarta ba. Ranar Lahadi ma an sāke sanarwar kuɗin gini, sai dai wa'azin daga Zabura 42 ne.

Nas Rifkatu, na turo miki saƙo ta gefe. Ina so in san me za mu riƙe in za mu je, kuma ko dole ne sai da takarda daga ƙaramin asibiti.

Nas Rifkatu:
Na gani, zan kira ki in na sauka daga aiki ƙarfe takwas. Ki sa wayar a caji.